Tufka da Warwara a Star Wars: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abubuwan da Masoya Ke Gardama a Kai

Tun 1977 da fim na farko ya fito, labarin Star Wars yake ta ƙaruwa: finafinai, littattafai, zane-zanen barkwanci, wasannin kwamfuta da shirye-shiryen talabijin. Hannu da yawa ne suka taɓa shi, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wuraren da labarin ya ci karo da kansa, da amsoshinsu gwargwadon abin da ya tabbata.

Me ake nufi da kanon, kuma wa ke da ikon cewa wannan ya shiga, wancan bai shiga ba?

Kanon shi ne jerin labaran da mai Star Wars ya amince cewa sun faru a cikin duniyar labarin. Duk abin da ke cikinsa, wajibi ne marubucin da zai zo daga baya ya kiyaye shi. Abin da ke wajensa kuwa, ana iya karanta shi a ji daɗi, amma ba ya ɗaure kowa.

Ikon yana hannun kamfanin Lucasfilm. A zamanin George Lucas, wanda ya ƙirƙiro Star Wars, an ɗora wa wani ma'aikaci mai suna Leland Chee aikin kula da wata babbar ma'adanar bayanai da ake kira Holocron, wadda aka fara a shekarar 2000. A cikinta an kasa labarai hawa-hawa. Finafinan Lucas su ne a sama, sai shirin talabijin na The Clone Wars, sai littattafai da wasanni, sai tsofaffin kayan da ake ɗauka in sun dace a bari in ba su dace ba, sai waɗanda ba a lissafa su ko kaɗan. Ƙa'idar ba ta da wuya: in na sama da na ƙasa suka saɓa, na sama ne da gaskiya. Lucas da kansa ya faɗa a fili cewa ba ya karanta littattafan, yana ɗaukarsu wata duniya ce daban da tasa.

Me ya faru a 2014 da har yanzu wasu ba su huce ba?

A watan Oktoba na 2012 Disney ya sayi Lucasfilm a kan kuɗi sama da dala biliyan 4. A ranar 25 ga Afrilu, 2014, kamfanin ya sanar cewa duk littattafai da zane-zane da wasannin da aka tara tun shekarun 1970 an fitar da su daga kanon, an sa musu tambarin Legends. Abin da ya tsira shi ne finafinai shida na Lucas da kuma The Clone Wars.

Dalilin kamfanin a bayyane yake. Suna son yin sabon fim da zai ɗora daga Return of the Jedi, alhali littattafai sun riga sun cike shekaru masu yawa na rayuwar jaruman. A cikinsu Luke, babban jarumin finafinan farko, ya auri Mara Jade sun haifi ɗa. Abokan gwagwarmayarsa Han da Leia sun haifi 'ya'ya uku, Jaina da Jacen da Anakin, kuma Jacen ya kauce ya bi hanyar duhu har 'yar'uwarsa ta kashe shi. Chewbacca ma, aminin Han, ya mutu tun a littafin Vector Prime na 1999, lokacin da wata ya faɗo a kan duniyar da yake. Wane darakta ne zai yarda ya fara fim da bayanin cewa Chewbacca ya rasu a wani littafin da yawancin 'yan kallo ba su taɓa gani ba?

Duk da haka ban ga laifin waɗanda abin ya yi wa ciwo ba. A farkon shekarun 1990 babu sabon fim, babu alamar zuwansa. Littafin Timothy Zahn, Heir to the Empire, na 1991, shi ya sake hura wutar. Mutanen da suka shafe shekara 20 suna saye suna karantawa su ne suka riƙe Star Wars a lokacin da kasuwarsa ta yi sanyi. A wayi gari a ce musu abin da suka riƙe ya zama gefe, dole ran mutum ya sosu. Abin da ya ƙara ɓata musu rai shi ne ba a ci gaba da rubuta waɗancan labaran ba, an bar wasu a tsakiya. Daga baya kamfanin ya riƙa komawa yana tsinto abin da ya ga dama. Thrawn, babban kwamandan nan mai shuɗiyar fata da jajayen idanu wanda ke nazarin zane-zanen abokan gaba don ya gane yadda suke tunani, ya dawo a shirin Rebels a 2016, sannan a Ahsoka a 2023.

Shin da gaske Lucas ya tsara dukan labarin tun farko?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da ke warware rabin tambayoyin da ke ƙasa.

A fim na 1977, dattijo Obi-Wan, ɗaya daga cikin mayaƙan da ake kira Jedi, ya zaunar da Luke a ɗakinsa na cikin hamada, ya miƙa masa takobin hasken mahaifinsa, ya gaya masa cewa wani almajirinsa mai suna Darth Vader ne ya ci amanar mahaifin ya kashe shi. A lokacin da aka rubuta wannan, mutum biyu ne daban. Hujjar tana cikin takardun aikin fim na biyu. A rubutun farko da Leigh Brackett ta yi kafin rasuwarta a 1978, fatalwar mahaifin Luke tana bayyana gare shi, kuma ba Vader ba ne. Sai da Lucas ya karɓi rubutun ya sake rubuta shi sannan ya haɗe mutum biyun suka zama ɗaya. Shi ya sa a Return of the Jedi na 1983 aka tilasta wa fatalwar Obi-Wan ta zauna ta kare kanta, tana cewa abin da ta faɗa gaskiya ne in an kalle shi ta wata fuska.

Haka zancen Leia. Ta sumbaci Luke a The Empire Strikes Back na 1980, shekara uku bayan haka aka ce tagwaye ne. Littafin Alan Dean Foster na 1978, Splinter of the Mind's Eye, ma ya nuna Luke yana jin sonta a ransa. Babu wanda ya san 'yan'uwa ne a lokacin, har shi mai labarin. Ko lambar kashi na huɗu da sunan A New Hope ba sa cikin fim ɗin da aka haska a 1977. Sai a 1981 aka ƙara su a rubutun da ke buɗe shi.

Ni wannan bai rage darajar labarin a idona ba, ƙara ta ya yi. Mayar da Vader uban Luke na daga cikin shawarwari mafi kyau da aka taɓa yankewa a tarihin fim, kuma da Lucas ya ɗaure kansa da abin da ya rubuta a 1977, da ba a same ta ba. Kuɗin da aka biya shi ne Obi-Wan ya zama dattijon da ya ɓoye wa yaro gaskiya. Daga baya wannan ma ya zama alheri, don ya nuna cewa Jedi ba waliyyai ba ne, mutane ne da tsoro da kunyar gazawarsu ke sa su karkatar da magana.

Ta yaya Leia ke tuna mahaifiyarta alhali ta rasu a wurin haihuwa?

Wannan shi ne saɓanin da ya fi kowanne wuyar facewa, kuma shi ya fi damuna.

A Return of the Jedi, da dare a ƙauyen Ewok, a kan gadar katako da ke tsakanin bishiyoyi, Luke ya tambayi Leia ko tana tuna mahaifiyarta ta asali. Ta ce kaɗan take tunawa, don ta rasu tana ƙarama. Abin da ya rage mata hotuna ne da ji a zuciya, mace kyakkyawa, mai kirki, amma mai baƙin ciki. Luke ya sunkuyar da kai ya ce shi bai san tasa ba ko kaɗan. Ƙarfin wurin yana cikin wannan bambanci: ɗaya ta sami ɗan rabo na uwa, ɗaya bai samu ba. Littafin fim ɗin na 1983 ma ya bayyana cewa uwar ce ta tafi da Leia duniyar Alderaan.

Sai Revenge of the Sith ya zo a 2005 ya nuna uwar, Padmé, ta haifi Luke, ta haifi Leia, ta raɗa musu suna, ta cika cikin mintuna kaɗan. Kuma Luke ne ma ya fara fitowa.

Masu kare fim suna da amsoshi biyu. Na farko, wai Leia tana magana ne a kan matar da ta raine ta, Sarauniya Breha. Wannan ba ya tsayawa, don Luke ya ce mahaifiya ta asali yake nufi, kuma Breha ta rayu har ranar da aka tarwatsa Alderaan, Leia na da shekara 19. Na biyu, wai Force, ikon ɓoye da Jedi ke aiki da shi, shi ne ya dasa mata hoton uwar tun tana jaririya. Wannan ya fi, tunda Yoda, babban malamin Jedi, ya ce ta hanyar Force ana ganin abin da ya wuce da mutanen da suka tafi. Amma sai a tambaya, me ya hana Luke ganin nasa? Gaskiyar magana Lucas ya so ya rufe labarin Padmé a gaban 'yan kallo, a haɗa mutuwarta da rikiɗewar mijinta zuwa Vader a lokaci guda, sai ya zaɓi wannan a kan daidaito. Na fahimci zaɓin, amma ya rage wa wancan daren na kan gada nauyi, kuma babu bayanin da ya mayar masa da shi.

Wa ya fara harbi, Han ko Greedo?

A fim na asali, Han ne, kuma shi kaɗai ya yi harbi. A mashayar Mos Eisley, Greedo, wani koren mafaraucin mutane da ke wa wani ƙasurgumin mai laifi, Jabba, aiki, ya tsare Han da bindiga a kan bashi. Han ya jingina da bango yana jan sa da hira, hannunsa na hagu yana wasa da bangon, na dama kuma yana zare bindiga a ƙarƙashin tebur. Ya harbe shi, ya tashi, ya jefa wa mai mashaya kuɗi yana ba shi haƙurin ɓata wuri, ya fita.

A sabon bugun 1997 aka sa Greedo ya fara harbi ya kuskure daga tazarar da ba ta wuce faɗin tebur ba, aka kuma karkatar da kan Han da kwamfuta don a ce ya goce. A faifan 2004 aka matso da harbin biyu kusa da juna. A 2011 aka sake rage wurin. A 2019, da fim ɗin ya hau Disney+, sai ga Greedo yana furta wata sabuwar kalma kafin a harba. Hujjar Lucas ita ce ba ya son jaruminsa ya zama mai kisa ba tare da an fara kai masa hari ba.

Wanda bai san fim ɗin ba zai ce daƙiƙa ɗaya ce, me ya kai ta zama abin faɗa? Ai a nan gizo ke saƙar. Han na farkon fim ɗan fasa-ƙwauri ne da bai san kowa ba sai aljihunsa. Ya nemi 10,000 don ya kai Luke da Obi-Wan Alderaan, ya yarda da sauri da Obi-Wan ya ce zai ba shi 17,000. Da aka ceto Leia, ya loda ladansa a jirgi ya tafi ya bar 'yan tawaye a bakin yaƙi. Dawowar da ya yi a ƙarshe ya kori Vader daga bayan Luke tana da daɗi ne saboda mun ga irin mutumin da yake tun a mashaya. In ka wanke shi tun farko, ka rage tsawon tafiyar da ya yi.

Abin da ya fi harbin zafi shi ne ɓoye na asalin. Bugun farko ya shiga rajistar finafinan tarihi ta Amurka a 1989, amma fitowarsa ta ƙarshe a faifai ita ce ta 2006, daga wani tsohon kwafi na 1993 mara kyawun hoto. Masoya ne da kansu suka riƙa tattara tsofaffin kwafi suna gyarawa don a ga fim ɗin yadda aka haska shi. Lucas da kansa ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka a 1988 ya yi magana a kan illar sauya tsofaffin finafinai. Mai fim yana da damar gyara aikinsa, ban musa ba. Abin da nake roƙo shi ne a ajiye duka biyun a bar mutane su zaɓa.

Han ya ce ya yi tafiyar Kessel a ƙasa da fasek 12. Ba ma'aunin nisa ba ne?

Ma'aunin nisa ne, kimanin tafiyar haske ta shekara 3.26. Han kuwa yana fahariya ne da saurin jirginsa, don haka maganar ta zo a karkace. Rubutun fim ɗin ya nuna cewa Obi-Wan ya gane cika baki ne na ƙarya, kuma in ka kalli fuskar Alec Guinness, wanda ya fito a Obi-Wan, a wurin za ka ga alamar haka. Littattafan shekarun 1990 suka kawo wani bayanin: hanyar ta bi ta gefen ramukan sararin samaniya masu haɗiye komai, jirgi mai ƙarfi ne kawai zai iya matsawa kusa da su ya yanke hanya. Fim ɗin Solo na 2018 ya ɗauki irin wannan, ya ce hanyar da aka saba bi fasek 20 ce, Han ya ratsa ta cikin hatsari ya gajarta ta. Bayanin ya zauna, sai dai ni na fi son na farko, don ya fi kama da halin Han.

Me ya sa Obi-Wan bai gane butum-butumi R2-D2 a fim na 1977 ba, alhali finafinan 1999 zuwa 2005 sun nuna sun san juna tun da? Kuma wa ya koyar da shi, Yoda ko Qui-Gon?

Abin da ya faɗa shi ne ba ya tuna ya taɓa mallakar butum-butumi, kuma R2-D2 bai taɓa zama nasa ba. Mutumin da ya ɓoye wa Luke zancen uba, ɓoye wannan ba zai yi masa wuya ba. Ɗaya butum-butumin, C-3PO, kuwa an goge masa ƙwaƙwalwa a ƙarshen fim na 2005 bisa umarnin Bail Organa, uban riƙon Leia. Zancen malami kuma, a 1980 Obi-Wan ya ce Yoda ne ya koyar da shi, a 1999 aka nuna Qui-Gon Jinn ne ubangidansa. Fim na 2002 ya nuna Yoda yana koyar da ƙananan yara kafin a raba su ga malamai, wannan ya isa.

Ramin da aka tarwatsa Death Star, tashar yaƙin Daular da ke mulki a labarin, ta cikinsa kuskuren labari ne?

Ba kuskure ba ne tun asali. Babbar na'ura tana buƙatar mafitar zafi, ramin faɗinsa mita 2 ne kacal, kuma matuƙin da ya gwada da na'urar saiti ya kuskure. Daula ta raina ƙananan jirage, girman kai ya ci ta. Rogue One na 2016 ya ƙara cewa injiniya Galen Erso ne ya dasa raunin da gangan don ya rama abin da aka yi masa. Wannan shi ne irin facin da nake yabo, domin bai soke komai ba, kuma ya sa in ka koma fim na 1977 ka san rayuka nawa aka bayar kafin taswirar tashar ta isa hannun Leia.

Me ya sa matattu ke yawan dawowa?

Obi-Wan ya raba abokin gabarsa Darth Maul biyu da takobi a fim na 1999, ya dawo a The Clone Wars a 2012 da ƙafafun ƙarfe, hankalinsa a gushe, yana rayuwa a cikin juji. Mafaraucin mutane Boba Fett ya faɗa bakin dodon rami a 1983, ya fito a The Mandalorian a 2020. Palpatine, sarkin Daula, ya faɗa ramin tashar da ta fashe, ya dawo a The Rise of Skywalker a 2019.

Ba duka ne ɗaya ba. An ba Maul shekaru ana gina shi, har ya kai ga mutuwarsa ta gaskiya a hannun Obi-Wan a Rebels a 2017, cikin faɗan da bai wuce sara uku ba, ya cika a hannun abokin gabarsa. Dawowar ta biya kuɗinta. Ta Palpatine kuwa an sanar da ita ne a rubutun buɗe fim, jawabin da ake cewa ya yi an sake shi a cikin wasan Fortnite, cikakken bayanin cewa jikin kwafi ne sai a littafin fim ɗin na 2020. Kuma ta taɓa sadaukarwar Vader, wanda ya ba da ransa don ya hallaka shi ya ceci ɗansa. Wanda ya ce wannan ya dame shi yana da hujja.

Tunda an share fage a 2014, an daina cin karo?

Ba a daina ba. An yi alkawarin cewa littafi da fim za su zama daraja ɗaya, amma a aikace abin da aka haska a allo shi ke rinjaye. Zanen barkwanci na 2015 a kan wani Jedi mai suna Kanan ya nuna yadda aka kashe malamarsa Depa Billaba, sai shirin The Bad Batch na 2021 ya sake nuna wurin da wasu mutane da wani yanayi. Littafin Ahsoka na 2016 ma ya saɓa da zangon ƙarshe na The Clone Wars na 2020 a wasu bayanai. Mafi girma shi ne asalin Rey, jarumar sababbin finafinan: a 2017 aka ce iyayenta ba kowa ba ne, a 2019 aka ce jikar Palpatine ce. Wannan ba mantuwa ba ce, daraktoci biyu ne kowa ya ja labarin inda yake so.

Mu da muka tashi da tatsuniya mun san Gizo yakan sha kashi a wannan labarin ya fito garau a na gaba, ba wanda ke neman bayani, don abin da ake kiyayewa shi ne halinsa. Da wannan ma'aunin nake duba saɓanin Star Wars. Launin takobi ko shekarar haihuwar wani ɗan majalisar Jedi ba sa hana ni barci. Abin da ya canza halin mutum ko ya zubar da nauyin sadaukarwarsa, shi ne ya cancanci a tsaya a kai.

Yaushe gardamar ke wuce gona da iri?

Lokacin da ta bar labari ta koma kan mutane. Ahmed Best, wanda ya fito a Jar Jar Binks, ya bayyana a 2018 cewa tsangwamar da ya sha ta kai shi ga tunanin kashe kansa. A shekarar ce Kelly Marie Tran, wadda ta fito a The Last Jedi, ta goge hotunanta na Instagram bayan watanni ana zaginta. John Boyega, wanda ya fito a Finn, ɗan Ingila wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya sha zagin launin fata tun daga tallan farko na The Force Awakens, wasu suna fakewa da cewa wai sojan Daula ba zai zama baƙi ba tunda duk kwafin mutum ɗaya ne. Ko a ma'aunin kanon ba su da gaskiya, don sojojin da aka kwafa daga Jango Fett na zamanin yaƙin da ya gabaci kafa Daula ne, daga baya mutane aka riƙa ɗauka, kuma labarin Finn shi ne an sace shi yana yaro aka horar da shi. Ɗan wasa ba shi ya rubuta labari ba, kuma ko shi ya rubuta, babu fim ɗin da ya kai a ci mutuncin ɗan Adam a kansa.

Ni sabon shiga ne. Ta ina zan fara, kuma in karanta Legends ko in bar shi?

Fara da yadda suka fito: 1977, 1980, 1983, sannan 1999, 2002, 2005. In ka bi lambar kashi ka fara da na 1999, za ka san sirrin Vader da na Leia kafin lokacinsu, kuma saɓanin da aka lissafa a sama zai fi yi maka ƙara a kunne. Bayan shidan nan ka kalli Rogue One da Andor, sannan sauran yadda ka ga dama.

Legends kuwa ka karanta. Har yanzu ana buga su da tambarin a saman bango, don haka ba za ka rikice ba. Fara da littattafan Zahn guda uku, Heir to the Empire, Dark Force Rising da The Last Command. Ka dai riƙe a ranka cewa an rubuta su kafin finafinan 1999 zuwa 2005, don haka abin da suka faɗa game da yaƙin kwafin mutane da lokacin da aka yi shi ba zai yi daidai da abin da Lucas ya nuna daga baya ba.